Aikin Safe a Wani Gidan Gona a Alaska

Da misalin ƙarfe 2:30 na dare agogon wayata ya tashe ni, ko da yake abin da na gani ta taga bai yi kama da dare ba ko kaɗan. Gari ya yi haske irin wanda muke gani a gida gab da fitowar rana, har ina iya karanta rubutu ba tare da na kunna fitila ba. A farkon watan Yuni, a yankin Fairbanks da ke tsakiyar jihar Alaska ta Amurka, rana takan faɗi bayan ƙarfe 12 na dare, ta sake ɓullowa da ƙarfe 3 da 'yan mintoci, kuma tsakanin faɗuwarta da fitowarta shafaƙi ba ya gushewa, balle duhu ya samu hanyar shiga. Malamai sun daɗe da yin bayani a kan irin waɗannan wurare, wasu suka ce idan alamomin Isha'i da Asuba suka ɓace sai a ƙiyasta da ƙasa mafi kusa inda suke bayyana, wasu kuma suka ce a bi lokacin Makka. Ni dai abin da na riƙe shi ne in sallaci Asuba kafin rana ta fito. Da na duba alƙibla sai na tarar tana arewa, domin daga can hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san fuskantar gabas da fuskantar alƙibla magana ɗaya ce a bakinmu, amma ga ni tsaye ina fuskantar arewa, jan hasken ranar da ke shirin fitowa kuma yana gabana a arewan. Da na idar ban koma barci ba. Na zauna a kan darduma ina sauraren kukan tsuntsaye, waɗanda tun jiya ban ji sun yi shiru ba.

Taron masana ƙasar noma ne ya kai ni Alaska, a jami'ar da ke Fairbanks, wadda ke da gonar gwaji da aka kafa tun 1906, kafin a kafa jami'ar kanta a 1917. A wurin taron na saba da wani mutum mai kimanin shekara hamsin, marar yawan magana, wanda hannayensa kaɗai sun isa su gaya maka cewa ba a ofis yake yini ba. Da ya ji ni ɗan manoma ne, sai ya ce in zo in ga gonar mahaifiyarsa, inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansa biyu, budurwa mai shekara goma sha huɗu da ƙanenta. Na amsa masa da sharaɗin cewa za a ba ni aiki kamar kowa, ya ce wannan ba sai na roƙa ba, domin a watan Yuni babu hannun da ake bari ya zauna.

Gidan yana tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga gari, ƙarshen hanyar kuma tsakuwa ce. Tun a hanya maigidan ya fara nuna mini yadda ake karanta ƙasar ta hanyar kallon itatuwanta. A cikin kwari da gefen tudun da ke kallon arewa, bishiyoyin sufurus ne baƙaƙe, sirara, gajeru, wasu sun karkace kamar za su faɗi, a ƙarƙashinsu kuma gansakuka ce mai kauri. Ya ce duk inda na ga haka, in na tona ƙasa kamu biyu ko uku zan ci karo da ƙanƙara wadda ba ta narkewa rani da damina, wadda ta shekara dubbai a daskare. Wanda ya share wurin ya gina gida, ɗumin gidan da hasken rana za su narkar da ita, ƙasa ta lotsa, gini ya karkace. A gefen tudun da ke kallon kudu kuwa, inda rana ke duka sosai, bishiyoyin birc ne dogaye masu farin ɓawo kamar takarda, kuma ƙasar wurin ba ta da wannan ƙanƙara. A irin wannan gangare iyayensa suka kafa gidansu, kuma a cewarsa wannan zaɓi guda shi ya sa gidan ke tsaye har yau, alhali na wasu maƙwabta da suka sauka a kwari tuni daji ya cinye su.

Ƙarfe 5 daidai na ji motsi a madafa. Na sauko na tarar da tsohuwar ta riga kowa, ta ɗora ruwa a kan murhun itace. Su a al'adarsu yaro yakan kira dattijuwa da sunanta na yanka, kuma haka ta ce in yi, amma bakina ya ƙi ɗauka. Sai na bi sahun jikokinta ina ce mata Kaka, ita ma ta karɓa da fara'a, har ta koma ce mini ɗana. Kafin ta ce komai ta leƙa ma'aunin zafi da ke maƙale a wajen taga, ta ce digiri 4, babu abin da ya ƙone. Wannan shi ne aikin farko na kowace safiya a wannan lokaci, domin har a cikin Yuni sanyi mai ƙona shuka yakan iya sauka cikin dare, ya kashe abin da aka yi wata uku ana reno a bakin taga. Da ta ga alamar hakan tun da yamma, da an lulluɓe kunyoyin da tsofaffin zannuwa.

Muka sa takalman roba a bakin ƙofa, aka ba ni hula mai raga da ke rufe fuska da wuya. Saurayen wurin manya ne, kuma suna fitowa ne gaba ɗaya bayan narkewar dusar ƙanƙara, lokacin da ko'ina ya zama kududdufi. Ba sa ɗauke da zazzaɓin cizon sauro irin namu, amma yawansu kaɗai yakan hana dabba kiwo, ya hana mutum tsayawa wuri ɗaya.

Kaka ta ɗauki bokitin ƙarfe da wani ƙaramin bokiti na ruwan ɗumi, ta ce in biyo ta garken awaki. Ɗaki ne na gungumen itace, gajere, mai ƙaramar ƙofa da taga guda da ke kallon kudu, an cusa gansakuka a tsakanin gungumen don kada iska ta shiga. Awaki biyu ake tatsa, manya, masu cikakkiyar hantsa, sun haihu a watan Afrilu. Ta buɗe ƙofa ta kira ta farko, akuyar ta taho da kanta ta hau wani ɗan dandamali na katako, ta zura kai cikin akushin tsaba. Kaka ta zauna a kan kututture, ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta goge hantsar a hankali, ta tsane ta, sannan ta tatsi ɗigon farko a cikin wani kofi dabam, ta karkata shi wajen hasken ƙofa tana duba ko akwai gudaji ko jini. Da ta gamsu sai ta jingina goshinta da cikin akuyar ta fara tatsa da hannu biyu, nonon yana dukan gindin bokiti da ƙara, can kuma ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa da kumfa ta taso. Tururi yana tashi daga bokitin saboda sanyin safiya. Yatsunta sun lanƙwashe da ciwon gaɓoɓi, amma ko sau ɗaya ba su yi kuskure ba.

Akuya ta biyu ni ta bar wa. Ina yaro na taɓa tatsar saniya a rugar maƙwabtanmu, sai na kama ina ja ƙasa kamar yadda na saba. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta ce, "Ɗana, akuya ba a jan ta. Ka rufe sama da babban yatsa da manuni, sannan sauran yatsun su biyo ɗaya bayan ɗaya." Na gwada, nono ya sauko. Da muka gama ta tace shi da ƙyalle mai tsabta a cikin kwalabe, ta tsoma kwalaben a ruwan sanyi nan take, ta ce nonon akuya ba ya wari sai in an bar shi ya huce a hankali. Abin da suka kasa sha a yini takan mayar da shi cuku, ta adana.

A garken ne na fara fahimtar irin aikin da ake yi a wannan gida. Ƙasan ɗakin ya taso har kusan gwiwa, domin tun watan Oktoba ba a kwashe kashin awakin ba. A duk tsawon hunturu busasshiyar ciyawa ake ƙara shimfiɗawa a kai, tarin yana ruɓewa daga ciki yana fitar da ɗumi, dabbobin suna kwanciya a kansa a daren da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, wanda a Fairbanks ba abin mamaki ba ne. Yanzu da gari ya sake, sai a kwashe shi kaɗan-kaɗan, baro biyar kowace safiya. Ni da yaron muka kama wannan aiki da cokalin taki mai haƙora. Saman tarin busasshe ne, tsakiyarsa baƙi ne mai zafi da warin da ke sa ido hawaye, da muka kai ƙasa kusa da bango kuwa sai haƙoran cokalin suka daki ƙanƙara, a cikin watan Yuni. Muka tura takin bayan lambu inda ake tara shi. Yaron ya ce sai baɗi ko baɗin baɗaɗa za a zuba shi a kunya, domin a ƙasa mai sanyi taki ba ya saurin nuna.

Kaji aikin budurwar ne. Ta kashe wutar wayar da ta kewaye akurkin, wadda aka sa saboda yanyawa da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata, ta buɗe wa kajin ƙofa, ta watsa musu tsaba, ta sauya ruwa, ta fito da ƙwai goma sha ɗaya a cikin hularta. Ta ce a watan Disamba, lokacin da yini bai kai awa huɗu ba, kajin sukan daina ƙwai sai an kunna musu fitila, amma yanzu haske ya ishe su har ya yi yawa.

Maganar ruwa ita ta fi ba ni mamaki. Ƙasa ce mai dazuzzuka da fadamu da tafkuna, amma abin da Fairbanks ke samu a shekara, ruwan sama haɗe da na dusar ƙanƙara, kusan milimita 300 ne, wanda bai kai rabin abin da Kano ke samu ba. Abin da ya sa wurin bai zama hamada ba shi ne sanyi yana hana ruwa ƙafewa, ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa kuma tana hana shi nutsewa. Farkon bazara ma yana cikin lokutan da ruwan sama ya fi ƙaranci, ga rana tana dukan shuka fiye da awa ashirin, saboda haka ban ruwa wajibi ne kowace safiya. Akwai wani ɗan tafki a ƙasan gidan da ruwan narkakkiyar dusar ƙanƙara ke cikawa. Daga nan ake turo ruwa da ƙaramin inji zuwa cikin durom-durom baƙaƙe da aka jera a rana, a bar shi ya yini ya kwana kafin a ba shuka. Uwargidan ta ce in sa hannu a ruwan tafkin, sannan in sa a na durom. Na farko ya sa ƙasusuwan yatsuna suka yi zugi, na biyu kuwa da ɗan dama-dama. Ta ce duk wanda ya ba tumatir ruwan tafki kai tsaye ya tsayar da girmansa na kwanaki, kuma a ƙasar da kwanakin noma suke a ƙidaye, kwana uku ba ƙaramar asara ba ce.

Ruwan sha kuwa ɗebo shi ake yi. Sun taɓa haƙa rijiyar burtsatse, gwaji ya nuna sinadarin arsenik ya yi yawa a cikinta, suka rufe ta. Wannan matsala sananniya ce a tuddan da ke kewaye da Fairbanks, domin duwatsun da ke ɗauke da zinariyar da wani mai suna Felix Pedro ya gano a 1902, wadda ta raya garin, su ne kuma ke ɗauke da wannan guba. Gidaje da dama a yankin ba su da famfo sam, ciki har da na ɗalibai da malaman jami'a, jarkoki suke ɗauka a mota su je su cika. Ban yi zaton zan ga layin jarka a Amurka ba, kuma ban ga sun ɗauke shi abin kunya ba. Na lura dai ruwa yana da daraja a hannunsu irin darajar da yake da ita a hannun duk wanda ya ɗauko shi da kansa: ruwan da aka wanke kwalaben nono da shi ba a zubar ba, gindin wata shuka aka kai shi.

Lambun bai fi girman filin gida biyu ba, an kewaye shi da shinge mai tsawon kusan mita biyu da rabi. Kunyoyin masu tudu ne ƙwarai, wasu an tokare su da katako, wasu an lulluɓe su da leda, duk don ƙasa ta yi ɗumi da wuri. Sanyi na ƙarshe yakan sauka a tsakiyar Mayu ko ƙarshensa, na farko kuma a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, abin da ke tsakani kwana ɗari ne da 'yan kai, wani lokaci ma bai kai ba. Shi ya sa ake fara renon iri a cikin ɗaki tun Maris da Afrilu, lokacin da dusar ƙanƙara ke kwance a waje, a dasa a farkon Yuni. Mun tarar an dasa kabeji da albasa, karas da koren wake sun tsiro, dankalin Turawa ya fara fasa ƙasa. Tumatir da kokwamba suna cikin ɗakin leda, wanda dole a buɗe ƙofofinsa kafin ƙarfe 7, in ba haka ba zafi ya dafa su. Muka bi kunyoyin da butocin ban ruwa, muna zubawa a gindi, muna cire ciyawa da hannu.

Tsawon yini yana yi wa wasu shuke-shuke alheri mai ban mamaki. A bikin baje kolin jihar da ake yi a garin Palmer, wani manomi mai suna Scott Robb ya kawo kabeji guda mai nauyin fiye da kilo 62 a 2012. Wasu kuma hasken yana ɓata su, kamar alayyahun Turawa, wanda yakan yi saurin fitar da fure kafin a ci ganyensa. Maigidan ya tambaye ni ko dawarmu za ta yi a nan, tunda tana jure ƙarancin ruwa. Na ce masa ko da zafi ya ishe ta ba za ta yi ba, domin dawarmu ta gargajiya, irin su kaura da farafara, ba ta fitar da kai sai ta ji yini ya fara raguwa a ƙarshen damina. A nan sai dai ta yi ta tsawo da ganye tana jiran dare, har sanyi ya zo ya kashe ta. Ya daɗe yana jinjina wannan magana, ya ce ashe kowane iri da agogon ƙasarsu a cikinsa.

Muna cikin haka budurwar ta ce a hankali, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Baba, ga ta can." Kowa ya tsaya cak. A bakin daji, bayan shingen, wata dabba ce tsaye wadda suke kira mus, dangin barewa ce amma ta fi doki tsawo, mai dogayen ƙafafu da doron kafaɗa da dogon hanci mai lanƙwasa. 'Ya'ya biyu ne a gindinta, jajaye, ƙafafunsu suna rawa, da gani ba su fi mako biyu ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni suke haihuwa, kuma a wannan lokaci uwar ba ta da wasa. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar tana yawan gargaɗi cewa mutanen da mus ke raunatawa a shekara sun fi waɗanda beyar ke raunatawa. Maigidan ya ce in dubi kunnuwanta: muddin suna tsaye, kallonmu kawai take yi, in ta kwantar da su baya gashin wuyanta ya miƙe, to in nemi bishiya ko mota in shiga bayanta. Mun fi minti goma a tsaye, butoci a hannu, sauraye suna kuka a kan ragar fuskarmu. Ta miƙa wuya ta tsinki ganye, ta dubi kabejin da ke cikin shinge, sannan ta juya, 'ya'yan suka bi ta cikin itatuwa. Saboda ita aka yi shingen da wannan tsawo, domin dare ɗaya ya ishe ta ta share lambun. Kuma danginta ne naman gidan, domin a watan Satumba maigidan yakan fita farauta da lasisi, babban namiji guda kuma yakan ba da nama fiye da kilo 200.

Sauran safiyar a wurin itace ta ƙare, kuma nan ne aiki mafi nauyi. Tun watan Maris maigidan ya sare itatuwan birc ya jawo su a kan dusar ƙanƙara, ya yanyanka su guntu-guntu, suna jibge a bayan gida kamar tsauni. Abin da ya rage shi ne faskare da jerawa, kuma ba ya jiran gobe. Ɓawon birc ba ya barin ruwa ya ratsa shi, shi ya sa mutanen Atabaska, 'yan asalin yankin, suke yin kwanduna da kwale-kwale da shi. Wannan ɓawo kuma shi ke hana ruwan cikin itacen fita, saboda haka gungumen da ba a faskara ba ruɓewa yake yi daga ciki maimakon bushewa. Dole a faskara a farkon bazara, ya samu watannin rana da iska. Ɗanyen itace ba ya ba da zafi, yana tara baƙin maiƙo a bututun hayaƙi wanda kan jawo gobara, hayaƙinsa kuma ya zama cuta ga kowa, domin a hunturu iska mai sanyi takan kwanta a kwarin Fairbanks ta danne hayaƙi ya kasa tashi. Tun 2009 hukumar kare muhalli ta tarayya ta sa yankin cikin wuraren da iskarsu ta gaza cika ƙa'ida. Maigidan yana da wata 'yar na'ura mai tsinke biyu da yake soka wa itace, ya ce sai laimarsa ta sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 yake shigar da shi ɗaki.

Ya miƙo mini gatari mai nauyin kai, ya nuna mini in dubi tsagin da ke fuskar gungumen in bi shi. Muka yi ta faskare ni da shi, yaran suna kwashewa suna jerawa a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe sama da kwano a bar gefe a buɗe. Ma'aunin itacensu jeri ne mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, kuma ya ce gidansu yakan ƙone irinsa takwas kafin hunturu ya wuce. A ranar an jera uku da rabi. Ban ji ya yi ƙorafi ba, amma na ga sau biyu yana ɗaga kai yana auna tarin da ya rage da ido, irin kallon da mahaifina yake yi wa rumbu idan kaka ta zo. Rana ta yi sama, sanyin safiya ya tafi, gumi ya jiƙa mini riga, ƙamshin sabon itace ya cika wurin. A nan na gane cewa duk abin da muka taɓa tun ƙarfe 5, taki da cuku da kunya da itace, babu wanda aka yi don yau. Gari yana kore shar, tsuntsaye suna kuka, amma hankalin mutanen gidan yana kan watan Janairu.

Ƙarfe 9 Kaka ta buga wani ƙarfe da ke rataye a baranda, muka ajiye kayan aiki. Tun ranar da na zo sun tambaye ni abin da ba na ci, saboda haka abin da ke kan tebur ƙwai ne da wainar fulawa mai ɗan tsami da nonon da muka tatsa, da kwalba guda ta kifin salmon. Uwargidan ta aiki yaron ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, na bi shi don in gani. Wuri ne mai sanyi da duhu, katakan jera kaya sun kusa zama wayam, sai 'yan kwalabe a lungu da ragowar dankalin bara wanda ya yi tsiro. Ya ƙirga kwalaben kifi ya ce saura shida. Nan da makonni kaɗan za su tafi Chitina, tafiyar kusan awa shida a mota, inda mazauna jihar kaɗai ke da izinin kamfatar salmon da koma mai doguwar ƙota a kogin Copper, su dawo su kwana biyu suna yanka da ƙyafewa da cika kwalabe.

A kan teburin Kaka ta ba ni tarihin gonar. Akwai dokar da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ba mutum damar mallakar eka 160 idan ya zauna a kai, ya gina gida, ya noma wani ɓangare. Dokar ta iso Alaska a 1898, an soke ta a sauran jihohi a 1976, amma a Alaska an bar ta har 1986. A ƙarƙashinta ita da marigayi mijinta suka zo suna matasa, suka yi hunturun farko a ɗaki guda wanda yanzu shi ne garken awaki. Ban tambaye ta ba, ita da kanta ta ƙara da cewa ƙasar da gwamnati ta raba musu tana da masu ita, mutanen Atabaska da suka shekara dubbai suna farauta da kamun kifi a kwarin kogin Tanana, kuma sai a 1971 aka yi dokar da ta bar wa 'yan asalin Alaska eka miliyan 44 da kuɗi kusan dala biliyan 1. Na ji daɗin da ta faɗi wannan da bakinta, domin labarin wahalar da suka sha gaskiya ne, wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata a faɗi ɗaya a ɓoye ɗaya ba.

Na tambaye ta yadda suke sanin lokacin tashi daga aiki, tunda dare ba ya zuwa ya kore su. Ta ce wannan shi ne hatsarin bazara. A shekarunsu na farko mijinta yakan yi ta aiki har ƙarfe ɗayan dare bai sani ba, har wata rana gajiya ta sa ya ji wa ƙafarsa ciwo da gatari, ya yi makonni a kwance a lokacin da aka fi bukatarsa. Tun daga ranar ta kafa doka cewa ƙarfe 9 na dare kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, a ja labule masu kauri, ko da rana tana tsaye. Ƙarfen da ta buga mana da safe shi take bugawa da daren.

Bayan karin kumallo muka loda jarkoki a bayan mota muka nufi maɓuɓɓugar Fox, a arewa da Fairbanks, inda kowa ke ɗiban ruwa kyauta. Mun tarar da motoci uku a gabanmu. Da layi ya zo kanmu na tara hannu na sha, sanyin ruwan ya ratsa mini haƙora. Ina cika jarkoki na kira gida, inda suke gabanmu da awa tara, na tarar an idar da Magariba ana shirin cin tuwo. Mahaifiyata ta tambaye ni yaya sanyi, na ce mata da sauƙi, itace muke faskarawa. Ta ce Allah ya taimaka, in gaishe da masu gidan.

Ranar da zan tafi, bayan tatsa da ban ruwa, mun ƙarasa jeri na huɗu. Budurwar ta ɗauko gawayi ta rubuta sunan watan a kan guntun da ke ƙarshen jerin, domin haka suke yi don su san wanda ya riga bushewa. Mahaifinta ya ƙirga jerin daga farko, ya ɗora hannu a kan wanda muka gama, ya ce in hunturu ya zo yadda ya saba, wannan sai cikin watan Janairu za a kai gare shi.